Ƙafar da Kake Ɓoyewa

Birnin Kudu.

Ɗan Inna,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya tsare ka a hanyar Kano, Ya tsare ka a cikin jirgi, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka san kowa ba. Na cusa wannan takarda a ƙasan jakarka kusa da ƙullin yaji, don na san yajin za ka fara nema kafin komai. Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi, ka san yadda yake. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni.

Ƙafarka ta hagu tana ciwo. Kada ka fara shirya mini amsa. Na gan ka ranar da ka yi La'asar a tsakar gida: da ka zo zaman tahiya ba ka naɗe ta ba, ka zame ta gefe kamar tsoho, da za ka miƙe kuma sai da ka dafa bango. Bayan cinyar ne, ko ba haka ba? Hannunka can yake komawa duk lokacin da ka zaci ba mai kallo. Kuma na san likitocin sabuwar ƙungiyar ba su sani ba, domin bayan sun gama duba ka ne ka je ka buga wasannin nan na ƙarshe, daga can ka dawo da ita. Baƙi suka cika gida suna taya ka murna, babbar ƙungiya a Turai ta ɗauki ɗan Birnin Kudu, duk wanda ya tambaye ka jiki sai ka ce garau. Ina bakin murhu ina jin ka, ban ce uffan ba. Kai ka yi ƙarya, ni na taya ka da shiru.

Tun da aka fara maganar tafiyar nan na zauna na karanta yadda ake tsara wasanninsu. Ka san halina, ko maganin sauro na saya sai na karanta rubutun jikin kwalin. Abin da na gani ya hana ni sukuni. Asabar wasa, tsakiyar mako wasa, Asabar ta zagayo wasa. Ga gasar ƙasar, ga kofin cikin gida, ga ta nahiyar da sai an hau jirgi an je wata ƙasa an buga an dawo. In ka ji an ce an dakata, ba hutu ba ne, kiran ƙasarka ne, ka ƙetaro teku ka buga cikin zafinmu ka koma cikin sanyinsu. Lokacin da ya kamata a ce kakar wasa ta ƙare kowa ya je ya ga uwarsa, sai a ƙirƙiro wata sabuwar gasa a cusa a wurin. Kai kanka shaida ne, hutun da aka ba ka bai kai a gama yi maka sannu da zuwa ba.

Su wa ke wannan tsari? Masu tumbi ne a cikin ɗaki mai sanyi, waɗanda rabonsu da gudu tun ranar da kare ya biyo su suna yara. Su zauna da takarda da biro su ga akwai Laraba guda da ba a sa komai a cikinta ba, sai ta tsone musu ido. Ba cinyarsu ba ce za ta tsage. In ɗan wani ya faɗi a fili yana riƙe da ƙafa, a ɗauke shi a makara irin ta masu rai, a sako ɗan wata, a ci gaba da tallar lemo. Wallahi da zan samu ɗaya daga cikinsu a ajina, sai ya zagaya filin makaranta har ya gane bambancin Asabar da Talata.

Shekara da shekaru ina koya wa 'yan mata yadda jikin ɗan Adam yake aiki, don haka wannan ba a waya na tsinto shi ba. Tsoka ba a fili take yin ƙarfi ba. A fili yagewa take yi, 'yan ƙananan yaga da ido ba ya gani. A kan shimfiɗa take ɗinke kanta, cikin barci da abinci da zaman banza. In ka koma fili ɗinkin bai kama ba, kan tsohuwar yaga za ka ɗora sabuwa, har ranar da za ta tsage gaba ɗaya. Wannan ɗan ciwon da kake rainawa, sallama ce jikinka yake yi maka kafin ya shigo da ƙarfi.

Na gwada faɗa wa Baffanka Sale haka ranar da ya zo daga Zandam yi maka murna. Ka san shi, ƙanin miji ne, bakinsa ba ya hutawa a kaina.

Ya ce, “Malama, ke dai boko ya ɓata ki. Minti casa'in ne fa kawai, kuma a kan ciyawa mai laushi. Mu da muke yini a sunkuye a gona, wa ya taɓa auna mana tsoka?”

Na ce, “Sale, kai ne in ka hawo babur daga Zandam sai an kwana biyu ana taka maka baya?”

Ya ce, “Wannan ai hanya ce ba kyau.”

Na ce, “To shi ma hanyar da aka shimfiɗa masa ce ba kyau.”

Ya yi dariya ya ce, “Yaro ne, jininsa na tafasa. Ko sau biyu a rana aka ce ya buga, zai buga.”

Na ce, “Na sani. Jatau ma haka yake.”

Daga nan sai ya jawo kwanon fura.

Ka tuna Jatau da Akawu, shanun huɗar Malam mahaifinka, Allah Ya jiƙansa. Kana wurin kakarka Inna a Zandam a lokacin, kai ke kai musu harawa. Malam ne ya raɗa wa ɗayan Akawu, saboda ba ya ɗaga ƙafa sai ya yi nazari. In ya gaji, kwanciya yake yi a tsakiyar gona, ka doke shi, ka murɗa masa wutsiya, ka zage shi har kakanninsa, sai dai ya dube ka yana tuƙa. Kowa ya tsane shi. Jatau kuwa mai zuciya ne, da ya ji karkiya a wuya sai ya ja, bai san wani abu wai shi tsayawa ba. Kowa Jatau yake yabo. Malam yana da doka a kansu: a ɗaura bayan Asuba, da hantsi ya ɗaga a kwance, a kai su inuwa, ranar Juma'a kuwa ko garmar ba a taɓawa. Ko wa ya zo roƙo, amsarsa ɗaya ce, gobe.

Shekarar da Malam ya rasu ruwa ya yi jinkiri, da ya zo kuma ya zo gaba ɗaya. Kowa yana son huɗa a mako guda, kafin ƙasa ta bushe. Shanu sun dawo hannuna, ni kuma ban daɗe da fita takaba ba, kuma duk wanda ya zo roƙo mutum ne da ya tsaya mini a lokacin rasuwa. Wannan ya kawo hatsi, wancan ya haƙa kabari, surukan Baffanka na Farin Dutse sun zo da mota guda ta masu gaisuwa. Da wane baki zan ce gobe? Kowa ya zo sai ya ce, “Malama, tawa ai 'yar ƙarama ce, kafin rana ta yi zafi an gama.” Kuma gaskiya yake faɗi, tasa ƙarama ce. Sai na ce to. Aka koma ɗaurawa safe da yamma, Juma'a ma ta shige ciki ba wanda ya lura.

Da na zo ƙarshen mako daga makaranta na ga wuyan Jatau ya saɓule a inda karkiya ke zama, yana kuma jan ƙafar baya kaɗan. Na gani da idona, kamar yadda na ga taka. Na shafa masa man kaɗe, na ce a ƙarasa gonar Farin Dutse ɗin nan guda, daga ita sai ya huta. A tsakiyar wannan gonar ya durƙushe. Ƙafar ba ta ƙara ɗaukarsa ba, ƙarshenta mahauta suka zo da amalanke. Ka yi kuka har ka ƙi cin tuwo, aka ce maka ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma sababin ni ce, da “to” ɗin da na yi ta rabawa. Akawu kuwa, mai kwanciyar nan da kowa ke zagi, sai da ya ƙara damina da damina yana ja, har ya tsufa.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, a cikin masu roƙon nan babu mugu ko ɗaya. Kowa gonarsa kaɗai yake gani. Haka za ka same su can. Mai gasar ƙasa tasa yake gani, mai kofi nasa, kocinka wasan Asabar yake gani domin kujerarsa na rawa, wakilinka yana so a gan ka a fili domin da ƙafarka yake cin abinci. Kowannensu zai ce maka wannan guda ɗaya ce kawai, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wanda ya san jimillar gonakin duka shi ne wuyan da ke ƙarƙashin karkiya. Jatau ba shi da bakin faɗa. Kai kana da shi.

Sai dai na san abin da ya ɗaure maka bakin, domin ni na ɗaure shi.

Kai ɗan fari ne, na kuma riƙe alkunyar ɗan fari kamar yadda na tarar ana yi. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa yi maka wasa a gaban mutane ba. Ana yaye ka Inna ta ɗauke ka, sunan da nake kiranka da shi ma nata ne na ara. Da ka dawo hannuna nan Birnin Kudu, wata rana ana taron suna a gidanmu na haya, mata sun cika tsakar gida, ka shigo daga ƙwallo idon sawunka ya kumbura kamar an hura. Ka tsaya a bakin zaure kana dubana. Ba ka yi kuka ba, jira kake yi ka ga abin da zan yi. Idanun mata kuma na kaina. Sai na ce wa maƙwabciyarmu, “Ku dubi ɗanku can, ya je ya jawo wa kansa,” na juya na ci gaba da kwasar tuwo. Ita ta kai ka wurin mai ɗori. Ina jin matan suna cewa, “Kai, Malama akwai kunya.” Wata ta ce, “Shi ma yaron namiji ne, ko ƙwalla babu.” Mu biyu muka sha yabo a ranar.

Daga ranar ban ƙara jin ka ce wayyo ba. Zazzaɓi ya kama ka sai dai in ga ka bar abinci. Na ɗauka tarbiyya na yi. Ashe koya maka na yi cewa ciwo abin ɓoyewa ne, kuma yaron kirki shi ne wanda ba ya damun manya da jikinsa. Ni da na karanta littattafai har suka cika kwali, ban iya karanta fuskar yaro a bakin zaure ba.

Yusha'u. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Ka saurare ni da kyau a nan, domin wannan ne zai iya cin ka. A garinmu in yaro ya ce lafiya lau, babba ya san ba a nan maganar ta ƙare ba. Zai dubi tafiyarsa, ya dubi kwanonsa, ya aika wani ya bugi cikinsa. Mun saba, mu muka koya wa yaran ɓoyewa, mu kuma muka san yadda ake tonowa. Mutanen da za ka je wurinsu ba su san wannan ba. In likita ya tambaye ka ka ce lafiya lau, rubutawa zai yi, lafiya lau, ya miƙa wa koci, koci ya sa ka a fili. In koci ya ce za ka iya, ka sunkuyar da kai ka ce to don girmamawa, shi ba ladabi zai gani ba, amsa ya samu. Ba wanda zai bi ka masallaci ya ga yadda kake zaman tahiya. Ladabin da ya sa ake son ka a nan, can shi zai kai ka ƙarƙashin wuƙar likita.

Saboda haka ranar da ka fara shiga wurinsu, kafin ka ɗaura takalmi, ka nemi likitan ƙungiyar. Ka ɗora yatsa a wurin, ka ce nan ne, ka faɗi ranar da ya fara da abin da ke tayar da shi. Kada ka rage, kada ka yi murmushin nan naka da ke sa a zaci wasa kake yi. In Turancin ya gudu, yatsan ya isa. In sun ce a ɗauki hoton ƙafar, a ɗauka. In aka zo maka da allurar kashe zafi don ka samu ka buga, ka tambaya: wannan warkarwa take yi ko rufe baki? In rufe baki ce, ka san man kaɗe ne ake shafa maka don a ƙarasa gona. Ranar da aka ce ta hutu kuma ka huta da gaske. Na san ka, za ka saci jiki ka je ka ƙara gudu don a ce yaron nan akwai himma. Kada ka yi. Ka kashe wayar nan ka yi barci, 'yan uwa da abokai su yi fushi, fushinsu ba ya tsinka jijiya.

Na san abin da kake tsoro, ba kuma zan raina maka hankali in ce ba komai ba ne. Sabon zuwa ne kai, baƙo, harshensu bai zauna a bakinka ba. In ka ce ciwo tun ranar farko, wani yaro zai sa rigar, in ya ci ƙwallo biyu a manta an sayo ka. Wani ma zai ce an sayo musu raggo. Zai iya faruwa, ba ni da tabbacin da zan ba ka. Abin da na sani kawai, wanda ya zauna a benci yana da ƙafar da zai tashi da ita ranar da aka waiwayo shi. Na ga samari a garin nan da aka taɓa cewa za su yi nisa, yanzu suna jan ƙafa a bakin kasuwa suna ba yara labarin ƙwallon da suka ci. Dukansu akwai ranar da aka ce musu wannan guda ɗaya ce kawai.

Na kuma san ba don kanka kaɗai kake tsoron ba. Ka ɗora gidan nan a ka, rufin ɗakina, karatun ƙannenka, kujerar Makkan Inna da ka yi mata alkawari a gaban mutane. Sauke. Da alli na ciyar da ku tun rasuwar Malam, allin kuma bai ƙare ba. Ɗakina ya yi yoyo damina nawa ban narke ba. Inna da kanta, in ka ba ta zaɓi tsakanin jirgin Makka da ta ga ka shigo mata da ƙafafunka biyu, ka san wanda za ta ɗauka, har ta haɗa maka da zagi don ka tambaya. Ban haife ka don ka zama albashina ba. So nake wata rana, bayan duk wannan hayaniya ta wuce, ka iya durƙusawa ka ɗauki ɗanka ka miƙe ba tare da ka nemi bango ba.

Saura mutanen gari, don na san su ma suna cikin lissafinka. Mai gidan kallon ƙwallo na bakin tasha ya riga ya ƙara bencina, ya sa an gyara janareta, wai ranar wasanka na farko ko wurin tsayuwa sai mai rabo. Baffanka ya ce tun safe zai taso daga Zandam, ciwon bayan nasa ya yi abin da zai yi. Za su zauna su zuba wa talabijin ido, a jero sunaye, in Allah Ya sa ka ji maganata babu naka a ciki. Na san abin da zai biyo baya. Za su fito su biyo ta ƙofar gidan nan, wani ya ce an yaudare mu, wani ya ce dama yaron bai kai ba, mai ɗan ladabi a cikinsu ya yi sallama ya ce, “Malama, ina ɗan namu?”

Wannan ba naka ba ne, ka bar ni da su. Zan yafa mayafina in fito bakin zaure in ce, “Ɗana yana kwance yana hutawa. Ni na ce ya kwanta. Wanda ke da magana ya shigo ya faɗa mini.” Ka san babu mai shigowa.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya warkar da abin da ke ciwo, Ya buɗe bakinka a inda ya kamata ka yi magana. Ya tsare ƙashinka da tsokarka da imaninka, Ya kare ka daga sharrin masu gaggawa, har da gaggawar zuciyarka. Ya mayar mini da kai kana tafiya daidai. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifiyarka.